Farfelar Gaba Na Ƙara, Mota Na Karkarwa: Yadda Ake Gano Mai Laifi a Tsohuwar Land Cruiser da Hilux

Leƙa ƙarƙashin tsofaffin Land Cruiser da Hilux da ke yawo a garuruwanmu, za ka tarar da yawa daga cikinsu babu farfelar gaba. In ka tambayi dalili, amsar kusan ɗaya ce: ta dame mu da ƙara, bakanike ya ce a cire. An cire, ƙara ta ɗauke, an biya kuɗin aiki an watse. Sai damina ta sauka, mota ta kafe a taɓo a hanyar ƙauye, ko ta nutse a rairayi, a sa ogzilari, wato giyar da ke sa ƙafa huɗu su ja, a ga tayoyin gaba ko motsi ba sa yi. Motar da aka saya da tsada don ƙafafunta huɗu suna ja, an mayar da ita mai ƙafa biyu, ga nauyi ga shan mai.

Cire farfela gwaji ne, kuma gwaji mai kyau, za mu zo kansa. Abin da ke damuna shi ne yadda aka mai da shi magani. Ɗaya kuskuren kuma shi ne a garzaya kasuwa, Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a sayo sabon kuros, wato gaɓar da ke ƙarshen farfela, a sa, bayan wata biyu ƙara ta dawo, a ce kayan yanzu ba su da kyau. Wani lokaci gaskiya ne kayan ne. Sau da yawa kuwa kuros ɗin shi aka zalunta, wanda ya kashe shi yana nan a ɓoye, kuma zai kashe na gaba.

Farfelar gaba bututun ƙarfe ce da ke ɗauko juyi daga akwatin ogzilari ta kai wa aksul na gaba. Kowane ƙarshenta yana da kuros, wato ƙarfe mai hannu huɗu, kowane hannu sanye da kofi, cikin kofin ƙananan allurai na ƙarfe a jere suna birgima cikin giris. A jikinta akwai wurin da take zurawa cikin kanta a kan haƙora, ta miƙe ta taƙaita yayin da aksul ke hawa da sauka. Shi ke nan. Kayan ba su da yawa, shi ya sa ake raina ta.

Amma kuros yana da wani hali da tilas a fahimta, don rabin matsalolin daga nan suke. Idan farfela na miƙe sambal da abin da ke juya ta, juyi yakan wuce lami lafiya. Da zarar an sami karkata, ko da juyin da ke shigowa bai canza ba, wanda ke fita sai ya riƙa sauri yana lafawa, sau biyu a kowane zagaye. Masanin nan na Ingila, Robert Hooke, ya lura da wannan tun ƙarni na 17, kuma har yau babu dabarar da ta raba kuros guda ɗaya da wannan hali. A karkatar digiri 10, saurin yakan hau ya sauka da kusan kashi 1.5 cikin ɗari ta kowane ɓangare. A digiri 30 ya kai wajen kashi 15. Abin da injiniyoyi suka yi shi ne su sa kuros na biyu a ɗaya ƙarshen, a tsara shi yadda zai goge ɓarnar na farko. Yana iya yin hakan ne kawai idan karkatar biyun ta yi kusan daidai da juna, kuma kunnuwan da ke riƙe kuros ɗin suna zaune yadda masana'anta ta jera su. Ka riƙe wannan, za mu dawo masa.

Bincike ba a ƙarƙashin mota yake farawa ba. A kan titi yake farawa, da kunne da tafin ƙafa.

Tambayar farko: karkarwar gudun mota take bi ko juyin inji? Ka kai motar gudun da abin ya fi tsanani, a ce kilomita 80 a awa, a miƙaƙƙen titi mara cunkoso. Ka canza giya amma ka riƙe gudun. Idan karkarwar ta canza da canjin giya, ka koma wajen inji, robobin da ke riƙe shi, kulochi, ko salansa da ke taɓa shasi. In ba ta canza ba, ka sa firi na ɗan lokaci, inji ya lafa. Tana nan? To abin da ke karkarwa yana cikin masu juyawa da gudun mota: taya, boris na ƙafa, aksul, farfela.

Tambaya ta biyu ita ce ta fi raba gardama, kuma ita aka fi tsallakewa: yaya saurin karkarwar yake? A yawancin waɗannan motoci farfela na zagayawa kusan sau 4 kafin taya ta zagaya sau 1. A Land Cruiser 80, wadda Toyota ta ƙera daga 1990 zuwa 1997, da yawa rabon 4.1 ne. Tayar 275/70R16 a gudun kilomita 100 tana juyawa kimanin sau 11 a daƙiƙa, farfela kuwa wajen sau 46. Jiki yana bambance waɗannan biyun sarai. Matsalar taya girgiza ce da kake gani da ido, sitiyari na kaɗawa hagu da dama, kujerar da babu kowa a kai tana rawa. Ta farfela kuwa zizar da ba ka iya ƙirgawa ce, irin wadda ake ji a tafin ƙafa in an tsaya kusa da injin niƙa: daɓen mota na ɗaukar tsuma, sandar giya na zuza a hannu, madubi ya yi dishi-dishi, wani ƙugi ya cika kunne. Idan daga karkatar kuros take, saurinta ya ninka na farfelar, ya haura 90 a daƙiƙa, sai ta fi kama da gurnani fiye da girgiza. Mutane da yawa sun kashe kuɗi wajen balansin taya sau uku sau huɗu a kan cutar da ba ta taɓa zama a taya ba.

Ta uku: me totur ke yi mata? Farfelar da ta lanƙwashe ko ta rasa ma'auninta ba ruwanta da totur, gudu kawai ta sani, kuma tana ƙaruwa ne yayin da gudu ke ƙaruwa. Kuros da ya ci, ko karkatar da ta ɓaci, su suna amsa nauyi: ka taka su yi gurnani, ka saki su yi shiru, ko akasin haka. Akwai kuma wurin nan na tsakiya, inda ba ka taka ba kuma ba ka saki gaba ɗaya ba. Kayan da suka yi sako-sako a nan suke tona kansu, don babu nauyin da ya danne su gefe guda.

Ita ma ƙarar kala-kala ce. Ƙiƙi-ƙiƙi siriri a gudun tafiyar ƙafa, mai ƙaruwa da gudu sannan hayaniyar titi ta haɗiye shi, allurai ne suka bushe. Ka bi gefen katanga da gilas a sauke, za ka ji shi ya dawo maka ƙarara. Gwaf guda ɗaya lokacin da ka sa ribas ko ka ɗaga ƙafa daga totur alamar wasa ce, a kuros, a haƙoran zurawa, ko cikin aksul. Ƙwas-ƙwas-ƙwas da ke fitowa sai an karya sitiyari sosai, wannan ba farfela ba ce, gaɓar da ke bayan taya ce, domin farfela ba ta san an juya sitiyari ba. Kuka siriri mai tashi kamar usur, wanda ke canza murya da totur, na haƙoran aksul ne ko boris ɗinsa. Ƙugin da ke ƙaruwa in ka kwanta hagu ya ragu in ka kwanta dama, boris na ƙafa ne.

Mai motar da ke da hob na hannu, waɗanda ake murɗawa a tsakiyar tayar gaba kamar na Land Cruiser 70 da tsofaffin Hilux, Allah Ya ba shi kayan bincike kyauta, sai dai kaɗan ne ke amfani da su. Ka buɗe hob biyun, ka bar sandar ogzilari a 2H, inda tayoyin baya kaɗai ke ja. Yanzu farfelar gaba a tsaye take cik, tayoyi ne kawai ke juyawa. In karkarwar na nan, ka wanke farfelar gaba daga zargi, ka koma kan taya da farfelar baya. In ta ɓace, ka tsaya, ka bar hob a buɗe, ka sa 4H, wato giyar ƙafa huɗu. A haka ogzilari na juya farfela da cikin aksul, amma ƙarfin bai isa taya ba, don haka babu laifi a bi kwalta. Karkarwa ta dawo a gudun nan dai? Ka matso kusa ƙwarai: farfelar ce, ko boris ɗin da ke riƙe ɗaya daga cikin ƙarshenta. Daga nan ka juya lamarin, hob a kulle, sanda a 2H, tayoyi ne yanzu ke jan aksul da farfela. Abin da ya fito a nan amma bai fito a gwajin baya ba, ya fi kusa da hob da gaɓoɓin bayan taya. Na ƙarshe, hob a kulle da 4H, shi ne ke ɗora nauyi na gaske, kuma a kan ƙasa ko tsakuwa ake yin sa, ba a busasshiyar kwalta ba.

Dalilin wannan gargaɗi yana da muhimmanci, don shi kansa yana haifar da ƙarar da ake ɗora wa farfela. A irin wannan mota, 4H yana ɗaure gaba da baya su juya tare tilas. A kwana kuwa tayoyin gaba sun fi na baya yin tafiya mai tsawo. A ƙasa, taya takan ɗan zame ta sauke bambancin. A kwalta babu zamewa, sai ƙarafa su murɗe, mota ta riƙa tsalle a kwana, sandar ogzilari ta ƙi fita. Haka nan in tayoyin gaba da na baya ba girmansu ɗaya ba, ko biyu sababbi biyu sun side. Kafin ka kwance ko noti ɗaya, ka karanta lambar da ke jikin tayoyi huɗun, ka auna iskarsu.

Hilux na baya-baya da ba su da hob na hannu, gwajinsu ya taƙaita ga 2H da 4H, kuma sandunan da ke zuwa tayoyinsu kullum suna juyawa. Land Cruiser 80 mai ja da ƙafa huɗu a koyaushe kuwa, farfelarta ta gaba ba ta hutawa, shi ya sa ta fi saurin gajiya. A nan ne cire farfela ke da gurbinsa. A sa alama, a kwance ta, a kulle makullin tsakiya, wanda ke ɗaure gaba da baya a cikin ogzilari su juya tare, a bi titin nan a gudun nan. Kulle makullin wajibi ne. In ba a kulle ba, ƙarfin inji zai tsere ta bakin da babu komai, mota ta ƙi tafiya, kuma a waɗanda ke da na'urar mai mai kauri a cikin ogzilari, za a ƙona ta. Akwai abin da ya fi wannan haɗari: motar da aka cire wa farfela kuma makullinta a buɗe, ko an bar ta a giya ko a P za ta iya gangarawa. Sannan a sani, shirun da aka samu bayan cirewa bai tabbatar da laifin farfela ita kaɗai ba. An sauke nauyi daga aksul na gaba da bakin ogzilari su ma, don haka zargi yana kan su ukun.

Sai a shiga ƙarƙashi. Fili shimfiɗaɗɗe, hambirki a ja, waigi gaba da bayan taya, sannan giya a firi don nauyi ya sauka daga farfela. Wanda ya bar mota a giya ya girgiza farfela ya ce lafiya lau, bai gwada komai ba. Rami ya fi. In jak za a yi amfani da shi, a tokare da ƙarfen tokara, kada a amince wa jak shi kaɗai.

Ido ya fara aiki kafin hannu. Jan gari kamar na bulo a bakin kofi, allurai ne suka niƙe suka yi tsatsa, wannan kuros ya gama. Ka duba ko wani zoben kulle ya fita, ko kofi ya fara juyawa a kunnensa har wurin ya yi sheƙi. Ka bi bututun da hannu ka nemi lotsawa, ka nemi tabon walda inda ƙaramin ƙarfen ma'auni ya ɓalle ya faɗi. Busasshiyar laka da ta manne gefe ɗaya, ko igiya da leda da suka naɗe, sun isa su sa mota tsuma. Notocin farantan ƙarshe biyun, inda farfela ke ɗaure da aksul da ogzilari, kuma a gwada su da sifana, ba da yatsa ba.

Daga nan ka riƙe faranti da hannu ɗaya, bututu da ɗaya, ka murɗa su saɓanin juna, ka tura sama da ƙasa. Kuros mai lafiya ba ya nuna wasan da ido zai gani. A tsakiyar wurin zurawa ma ka ɗaga ka sauke. Sannan ka girgiza farantin aksul shi kansa, da na ogzilari. Ɗan wasa na juyawa a aksul ba laifi ba ne, tazarar haƙora ce. Amma in faranti na motsi sama da ƙasa ko ciki da waje, musamman in ga mai na tsiyaya daga sil, boris ne ya saki, kuma ko kuros goma ka canza karkarwa na nan. A nan ina roƙon masu gyara: kada a ɗauko dogon bututu a ɗaure notin aksul iya ƙarfi don wasa ya ɓace. A bayan notin akwai wani zobe da ake matsewa da awo don boris ya sami daidai matsin da yake so. An zarce, boris zai yi zafi ya ƙone a hanya.

Wanda ya fi yaudarar mutane shi ne kuros da ya ƙage. Ba shi da wasa ko kaɗan, don tsatsa ta riƙe shi gam. A mota za ka rantse sabo ne. Alamarsa ɗaya ita ce zafi: bayan tafiya, kofin da ya fi 'yan'uwansa zafi shi ne. Tabbaci kuwa sai an sauke farfela ƙasa, a lanƙwasa kowane kuros ta fuskokinsa biyu. Ya kamata ya tafi sumul. In ya cije, ko yana tafiya gargada-gargada, ka same shi. Farfelar gaba ta tsofaffin Hilux tana da kuros biyu a haɗe ta wajen ogzilari, da ƙaramar ƙwallo a tsakaninsu da ke daidaita su. Ƙwallon nan in ta bushe takan yi tsuwa kamar tsuntsu, kuma sau da yawa a canza kuros biyun a bar ta, alhali ita ce mai ciwon.

Yanzu tambayar da ta fi kowace: me ya kashe kuros ɗin? In shekaru ne da rashin giris, madalla, a canza a wuce. In kuwa bai daɗe ba ya mutu, a koma kan karkata. An ɗaga motar da dogayen sifirin? An ƙara ganye? Sifirin sun kwanta saboda lodi? Robobin da ke riƙe giyabos sun narke da mai har ogzilari ya sunkuya? Duk waɗannan suna canza karkata. Abin da masu ƙera farfela ke so shi ne kowane kuros ya yi aiki a ƙaramar karkata, wajen digiri 3 ko ƙasa in farfelar mai gudu ce sosai, biyun kada su bambanta da fiye da digiri 1, kuma kada ta zama sifili, don allurai na bukatar ɗan motsi su yaɗa giris. Mai kuros biyu a haɗe dokarta daban: bakin aksul ya kalli bakin ogzilari kusan kai tsaye. Wayar hannu mai manhajar auna karkata ta isa wannan aiki, a kan faranti da kan bututu, mota na tsaye da nauyinta.

Sai jerin kunnuwa. In an zare farfela gida biyu don wankewa aka mayar ba bisa haƙorin da take ba, kuros na biyu ya daina goge ɓarnar na farko, yana iya ma ƙara mata. A yawancin farfeloli kunnuwan ƙarshe biyun a layi ɗaya suke, amma ba duka ba. Tsofaffin Land Rover, alal misali, da gangan aka gocar da na farfelarsu ta gaba. Saboda haka fenti ko ɗan tabo kafin a kwance ya fi kowane hasashe. Farfelar Beljiyam da aka sayo ma a duba ta da wannan idon, don ba a san hannu nawa ta bi ba, kuma tsawonta ya dace da motar.

Shi kansa sa kuros aiki ne na natsuwa, ba na guduma ba. Allura ɗaya ta kwanta a gindin kofi, an buga an tilasta, kuros ya mutu tun kafin ya bar gareji. Duka mai yawa yana buɗa kunnuwa. A tsofaffin Toyota zoben kulle kauri-kauri ne, ana zaɓar wanda zai rage wasa zuwa ƙasa da milimita 0.05, kuma na hagu da na dama su zama kauri ɗaya don kuros ya zauna a tsakiya. Ya goce kaɗan, farfela ta daina juyawa a kan cibiyarta. Lanƙwasar bututu kuma littafin gyaran Toyota bai yarda ta wuce milimita 0.8 ba, abin da ido ba zai gani ba sai da agogon awo. Farfelar da aka yanke aka yi wa walda a bakin titi, da wuya ta tsallake wannan awo.

In komai ya fita lafiya amma saura 'yar ziza, a kwance farantin a juya shi rabin zagaye a ɗaure, wani lokaci nan take ta lafa. Akwai kuma tsohuwar dabarar ɗaura zoben matse tiyo a jikin bututu, kan sukurunsa ya zama ma'auni, a riƙa matsar da shi kwata-kwata ana gwadawa a titi har a sami inda ta fi shiru. Tana aiki a ƙaramar matsala, ba ta gyara lanƙwasa.

Giris na da nasa ladabin. A kuros, a buga har sabo ya fito ta kofuna huɗun. Kofin da ya ƙi fitarwa hanyarsa ta toshe, kuma shi ne zai fara mutuwa. A wurin zurawa kuwa kaɗan ya isa. In aka cika shi maƙil, farfela ba ta iya taƙaita, sai ta riƙa tokarar boris na aksul da na ogzilari duk lokacin da mota ta faɗa rami. Bayan an ratsa ruwa ko kogi a sake bugawa, kada a jira lokacin juyen mai.

Kada a yi sakaci da farfelar da ta riga ta fara gurnani. In kuros na wajen ogzilari ya tsinke a gudu, bututun zai yi ta dukan duk abin da ke kusa, har ya fasa giyabos. In na wajen aksul ne, kan bututun zai iya faɗuwa ya caki ƙasa mota na tafiya. Wanda hali bai ba shi damar gyara yau ba, ya buɗe hob ya zauna a 2H, ko a cire ta a kulle makullin tsakiya, a ajiye ta da notocinta da alamarta har a sami kuɗi. Idan an gyara an mayar, littafin mai mota na Toyota ya ce a yi tafiyar aƙalla kilomita 16 da ƙafa huɗu kowane wata, ko da rani ne, don mai da giris su zagaya kayan gaba.